Bashi hanji ne: abin da binciken hali ya kamata ya nema wajen masu shiga aikin tsaro

A shekarar 2020 ana ƙiyasta sojojin Nijar da kusan 25,000. A lokacin ne ma'aikatar tsaron ƙasa ta bayyana niyyar kai su 50,000 cikin shekara biyar, daga baya aka ɗaga burin zuwa 100,000 nan da 2030. A tsakiyar 2024 hukumomin CNSP sun buɗe ɗaukar sabbin sojoji 10,000 a karo guda, tare da kafa runduna ta musamman mai gadin rijiyoyin mai, mahaƙan ma'adinai da bututun da ke kai ɗanyen mai gaɓar teku a Benin. A ƙarshen Disambar 2025 kuma majalisar ministoci ta amince da dokar da ta ba gwamnati damar kiran mutane da kayan aikinsu domin kare ƙasa. Ma'anar wannan duka ita ce matasa da yawa daga Dogondutsi, Matankari, Tibiri, Gesheme da Kore Mairuwa za su sa kaki, wasu kuma za su samu aikin direba, gadi, dafa abinci ko kwangila a wuraren da ake tsaro.

Mutanen Arewa sun san dalilin wannan gaggawa. Ranar 12 ga Yunin 2024 an kashe sojoji shida masu gadin bututun mai a wajen Salkam, cikin gundumar Tibiri. A watan Disamba na wannan shekarar an kai wa bututun hari a gundumar Gaya, hukumomi suka ɗora alhakin a kan Lakurawa, waɗanda suka addabi maƙwabtanmu na Sakkwato da Kabi. A watan Mayun 2025 kuma sojoji goma suka kwanta dama a wani kwanton ɓauna a yankin Dogon Kiriya.

Duk wanda aka miƙa wa bindiga, an miƙa masa sirri tare da ita. Ya san ƙarfe nawa motar sintiri ke tashi, ta wace hanya za ta bi, mutum nawa ke kwana a wurin gadi, da ranar da ake canjin masu tsaro. Wannan bayani yana da farashi, akwai kuma masu sayensa. Tambayar da ke gaban ƙasa ita ce: ta yaya za a gane wanda za a iya saye tun kafin a ba shi abin sayarwa? Ƙasashen da suka daɗe suna wannan aiki sun gano cewa amsar takan ɓuya a wuri biyu, a aljihun mutum da a bakinsa, wato bashin da ke kansa da gaskiyar da yake faɗa game da bashin.

Abin da takardu ke faɗa, da wanda ba su faɗa

Duk matashin da ya taɓa haɗa dosiye domin gasar shiga ƴan sanda, jandarma ko dakarun tsaron ƙasa ya san jerin takardun: takardar haihuwa ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta, takardar zama ɗan ƙasa, shaidar likita, shaidar karatu, da kaziye wanda bai wuce wata uku ba. Bayan cin gasa sai binciken hali, wanda a faransanci ake kira enquête de moralité, inda ƴan sanda ko jandarmomi ke bin sawun mutum a unguwarsu ko garinsu. Dokar ma'aikatan gwamnati ta ranar 23 ga Yulin 2007 ta sa kyawun hali cikin sharuɗɗan shiga aiki. Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a Yulin 2023, ya ɗora wannan sharaɗi har a kan mai neman shugabancin ƙasa.

Kaziye ba takardar banza ba ce. A Nuwambar 2020 kotun tsarin mulki ta ƙi takarar marigayi Hama Amadu saboda hukuncin ɗaurin shekara ɗaya da ke kansa. Sai dai kaziye yana nuna abin da alƙali ya riga ya yanke hukunci a kai ne kawai. Bashi kuwa lamari ne tsakanin mutum da mutum, ba ya hawa kaziye sai idan ya rikiɗe ya zama zamba ko cin amana har kotu ta hukunta. Mutum zai iya kawo kaziye fari fat alhali ana binsa kuɗin da albashinsa na shekara biyu ba zai biya ba, kuma wanda ke binsa ɗin ɗan fasa-ƙwaurin mai ne da ke bin hanyoyin da za a tura shi ya tsare.

Nan ne binciken hali ya kamata ya cike giɓi. To amma idan mai bincike ya tsaya a kan tambayar maƙwabta ko yaron yana shaye-shaye, ko yana faɗa, ko yana girmama manya, zai dawo da rahoto mai daɗi ba tare da ya taɓa inda matsalar take ba. A garuruwanmu ba a tona asirin ɗan unguwa gaban baƙo mai kaki, balle a ranar da yake neman abincinsa. Mai unguwa zai ce yaron kirki ne, kuma ba ƙarya ya yi ba, domin yaron kirki ma ana binsa bashi.

Yadda bashi ke zama ƙofa

Labarin da ya fi shahara a wannan fanni ya faru ne a Amurka. Aldrich Ames ma'aikacin hukumar leƙen asiri ta CIA ne, a sashen da ke sa ido kan Tarayyar Sobiyat. Rabuwa da matarsa ta farko da tsadar sabuwar rayuwa suka tara masa bashi. A watan Afrilun 1985 ya kai kansa ofishin jakadancin Sobiyat da ke Washington, ya nemi dala 50,000 a bakin wasu bayanai. Yana karɓar kuɗin ya shiga hannu, domin daga ranar masu ba shi sun riƙe wani sirri nasa da ya fi bashin nauyi. Ya ci gaba da sayar da sunaye har shekara tara, aka kashe aƙalla mutum goma daga cikin waɗanda ya tona. Ya sayi gida na dala 540,000 kuɗi hannu, yana hawan motar Jaguar da albashin da bai kai ba, ya wuce gwajin na'urar gano ƙarya har sau biyu, sai a Fabrairun 1994 aka kama shi.

Bayan shekaru da yawa an sake ganin irin haka. Kevin Mallory, tsohon ma'aikacin CIA da biyan bashin gidansa ya gagare shi, ya karɓi dala 25,000 daga jami'an leƙen asirin Sin, aka yanke masa ɗaurin shekara 20 a 2019. Kuɗin da aka saye shi da su ko kusa ba su kai darajar abin da ya sani ba. Mai matsuwa ba ya ciniki.

A ƙasar Arewa ba a buƙatar ofishin jakadanci kafin irin wannan ta faru. A ɗauki misalin matashin jami'i da aka tura wani shingen bincike kusa da iyaka. Ana binsa jika ɗari uku na kuɗin aure, mai kuɗin ya matsa, yana kuma jin kunyar gidansu su sani. Sai wani ɗan kasuwa da ke yawan wucewa ya lura, ya biya masa, ya ce ai ba komai, ƴan'uwa ne. Bayan wata biyu sai ya roƙi alfarma ƙarama, a bar motarsa ta wuce ba a ɗaga tamfol ba. Daga baya sai tambaya ta biyo, ko gobe akwai sintiri ta hanyar kaza. A wannan mataki jami'in ba zai iya ƙi ba, domin idan ya ƙi za a tona alfarmar farko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar a nan ta fara ne ranar da ya zaɓi ɓoye bashin, tun kafin ɗan kasuwar ya zo.

Abin da Amurkawa suka koya daga kuskurensu

Bayan irin waɗannan darussa Amurka ta tsara ma'aunai 13 da ake dubawa kafin a ba mutum izinin sanin sirrin ƙasa. Ƙa'idar da ake aiki da ita yanzu ta fara aiki a Yunin 2017. Ɗaya daga ma'aunan ya shafi harkar kuɗi, kuma shi ne ya fi yawan zama sanadin hana izini a shari'o'in da ma'aikatar tsaron ƙasar ke wallafawa. Mai nema yana cike wata doguwar takarda mai suna SF-86, inda ake tambayarsa basussukan da ya kasa biya cikin shekara bakwai da suka wuce, da harajin da bai biya ba, da matsalar caca.

Abin lura shi ne babu wani adadin bashi da aka ce wanda ya kai shi ya faɗi. Ƙa'idar ta tanadi uzuri a fili. Idan bashin ya samo asali daga abin da ya fi ƙarfin mutum, kamar rasa aiki, rashin lafiya, mutuwa ko rabuwar aure, kuma ya nuna ya ɗauki matakin mai hankali, ya je ya samu masu binsa, ya tsara biya, yana kuma biyan, ana iya ba shi izini. Abin da ke da wahalar wankewa yana ƙarƙashin wani ma'auni dabam, na halin mutum: ɓoye gaskiya da gangan a takarda ko gaban mai bincike. Wannan laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara biyar. Hikimar ba ta da wuya. Bashin da shugabanka ya sani, babu mai iya yi maka barazana da shi. Wanda kuma ya yi ƙarya kan jika hamsin domin ya samu aiki, babu tabbacin zai faɗi gaskiya ranar da harsasai suka ɓace a hannunsa.

Akwai abu biyu kuma da suka ƙara. Na farko, bincike ba ya ƙarewa ranar ɗaukar aiki, ana ci gaba da sa ido, kuma arzikin da ba a san tushensa ba abin tambaya ne kamar yadda bashi yake. Na biyu, wanda aka hana izini a wannan tsari ana faɗa masa dalili a rubuce, yana da damar ba da amsa da ɗaukaka ƙara. Faransa ma, wadda muka gaji yawancin tsarin aikin gwamnati daga gare ta, tana da irin wannan izini da take kira habilitation, mai hawa biyu tun Yulin 2021, inda masu bincike ke neman duk wani rauni da wani zai iya kama mutum da shi.

Bashin Arewa ba ya cikin kwamfuta

Kwafo wannan tsari yadda yake ba zai yi aiki a nan ba, domin a Amurka kusan kowane bashi yana da takarda. A yankin kuɗin sefa na UEMOA akwai ofishin tattara bayanan masu cin bashi da ya fara aiki a 2016 ƙarƙashin kulawar babban bankin BCEAO, yana karɓar bayanai daga bankuna da asusun ba da rance. Amma manomin Dumega ko na Sukukutan ba a banki yake cin bashi ba. Yana karɓar falle a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya ƙare, ya biya da hatsi ko wake bayan girbi a farashin da mai kuɗi ya yanka. Yana jinginar da gona. Matarsa tana cikin adashi. Ƙanensa ya ranci kuɗin mota domin tafiya cin rani Najeriya, Benin ko Kodebuwa. Ma'aikacin gwamnati a Dogondutsi kuwa yana da shafinsa a littafin mai kanti, yakan cinye albashi tun wata bai yi nisa ba. A 2014 an ƙayyade iyakar kuɗin ruwa a yankin UEMOA, kashi 15 cikin ɗari ga bankuna, kashi 24 ga asusun ba da rance, amma mai ba da rance na bayan fage ba ruwansa da wannan iyaka, kuma shi ne ya fi hatsari.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara nauyin. Takunkumin da CEDEAO da UEMOA suka sa ranar 30 ga Yulin 2023 ya daɗe har zuwa 24 ga Fabrairun 2024. An rufe iyakar Najeriya har watan Maris na 2024, wutar lantarkin da ke zuwa daga Birnin Kabi ta yanke, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a bankuna. Naira, wadda a farkon 2023 ake canza dala ɗaya a kan kusan 460 a hukumance, ta wuce 1,500 a farkon 2024, sai abin da ƴan cin rani ke aikowa gida ya narke idan an mayar da shi sefa. Ambaliyar daminar 2024 ta zo ta ɗora nata. A irin wannan hali, gidan da babu bashi a cikinsa abin nema ne. Magabata ba su yi kuskure ba da suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Ita kanta ƙasa ta shiga wannan hali. Saboda takunkumi, Nijar ta kasa biyan basussukanta a kasuwar kuɗi ta yankin, har abin da ya taru ya haura miliyar 300 na sefa a Fabrairun 2024. Ba ta musanta bashin ba. Da aka ɗage takunkumi ta tsara biya, a ƙarshen Afrilun 2024 ta koma kasuwar, aka kuma sake ba ta rance. Ma'aunin da ƙasa ta nemi a auna ta da shi, wato a duba dalilin gazawa da niyyar biya, shi ne ya dace ta auna ƴaƴanta da shi.

Idan aka mayar da bashi laifi

Akwai masu ganin cewa tunda mai bashi yana da rauni, to a rufe masa ƙofa kawai. Wannan shawara tana da sauƙin faɗa, amma illarta uku ce.

Ta farko, za ta koya wa kowa ƙarya. Matashin da ya san cewa ambaton bashi zai raba shi da aiki ba zai ambata ba, iyayensa da mai unguwarsu za su taya shi rufewa. Ranar da ya sa kaki yana ɗauke da sirri biyu, bashin da kuma ƙaryar da ya yi a kansa, duk wanda ya san su ya riƙe masa wuya. Ta haka binciken da aka yi domin toshe ƙofa shi ne zai buɗe ta.

Ta biyu, za ta mayar da aikin tsaro gadon masu hali. Ɗan talakan da ya san kowane lungu na dallol Mauri, yake jin Hausa da Fulatanci ko Zabarmanci, ya san fuskokin masu zuwa kasuwannin kan iyaka irin su Bachaka, shi ne wanda aikin ya fi buƙata. Shi ne kuma wanda ya fi yiwuwa a samu gidansu da bashin hatsi.

Ta uku, binciken da ba a bayyana dalilinsa yana zama makamin hassada. Rigimar gona, takarar sarauta ko tsohuwar gabar siyasa sun isa wani ya rada wa mai bincike maganar da za ta kashe wa yaro gaba, shi kuma bai san abin da aka ce ba balle ya kare kansa. Ko a manyan matakai ana ganin illar rufa-rufa. A Agustan 2023 majalisar dattawan Najeriya ta tabbatar da mutum 45 cikin 48 da aka gabatar domin zama ministoci, ta dakatar da uku, ciki har da tsohon gwamnan Kaduna Nasiru El-Rufa'i, da hujjar jiran rahoton tsaro. Da yake majalisar ba ta bayyana dalilan ba, kowa ya fassara abin yadda ya ga dama, har yau masu cewa tsaro ne da masu cewa siyasa ce ba su daidaita ba.

Akwai wani bashi kuma da ya fi kowanne muni, wanda tsarin ɗaukar aiki da kansa ke haifarwa idan ya lalace. Iyalin da suka sayar da sa, suka jinginar da gona, domin biyan wani da ya yi alƙawarin sa sunan ɗansu cikin jerin waɗanda suka ci, sun tura yaron aiki da bashi a kansa da kuma darasin cewa komai na sayarwa ne. Wannan ba zato ba ne a ƙasarmu: a 2016 an soke gasar ɗaukar ma'aikatan kiwon lafiya bayan an gano maguɗi, aka tsare mutane da dama. Jami'in da ya sayi matsayinsa zai nemi mayar da kuɗinsa a kan hanya, daga aljihun direbobi da ƴan kasuwa, wata rana kuma daga hannun wanda bai kamata a bari ya wuce ba.

Binciken ya hau sama

Ƙaramin soja yana iya sayar da lokacin sintiri ɗaya. Babban jami'i ko ɗan kwangila yana iya sayar da makaman runduna guda. A farkon 2020, ƙasa tana cikin makokin sojoji 71 da aka kashe a Inates ranar 10 ga Disambar 2019 da 89 na Shinagodar ranar 9 ga Janairun 2020, sai binciken kwangilolin ma'aikatar tsaro ya fito. Rahoton farko ya yi maganar sama da miliyar 76 na sefa da suka salwanta ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Daga baya shari'a ta ambaci adadi ƙasa da haka, wasu ƴan kwangila suka amince su mayar da kuɗi ko su kawo kayan. Ko wane adadi aka ɗauka, waɗanda abin ya shafa ba masu bashin hatsi ba ne. Alamar da ya kamata a gani tun da wuri ita ce irin ta Ames: gidaje da motocin da albashi ko cinikin halal ba zai iya bayyana su ba.

Ƙasar ta kafa hukumomin wannan aiki. An kafa HALCIA a 2011, CNSP kuma ta kafa COLDEFF a Satumbar 2023 domin ƙwato dukiyar ƙasa. Amma ƙwato kuɗi bayan sun tafi magani ne na bayan ciwo. Tsarin mulkin 2010 ya wajabta wa shugaban ƙasa da ministoci bayyana dukiyarsu, irin wannan wajibi ya dace ya sauko kan duk mai sa hannu a kwangilar makamai, mai, abinci ko motocin runduna, a riƙa sabunta shi, a kuma riƙa gwada shi da abin da ido ke gani. Idan yaron Matankari ya ga an tone shi kan jika ɗari, manya kuma ba mai tambayarsu inda suka samu bene, zai ɗauki binciken a matsayin shinge ga talaka, ba zai ba shi gaskiyarsa ba.

Haka kuma gwamnati ba za ta nemi ma'aikaci marar bashi ba alhali ita ce ke jefa shi ciki. Malaman kwantaragi sun san abin da jinkirin kuɗin wata ke yi wa mutunci gaban mai kanti da mai gidan haya. Ga mai riƙe da bindiga a bakin iyaka, kowane jinkiri na albashi ko alawus gayyata ce ga mai jiran ya taimaka masa. Biyan jami'an tsaro a kan lokaci, da kula da iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki, wani ɓangare ne na kare sirrin ƙasa.

Abin da za a iya yi

Ba sai an jira kwamfuta ba. Arewa tana da nata hanyoyin sanin bashi. Dokar sarautun gargajiya ta Janairun 2015 ta ba sarakuna ikon sasanta mutane a rigingimun al'ada da na ciniki, kuma ana rubuta takardar sulhu. Daga fadar Sarkin Arewa da ta Samna na Tibiri har zuwa zauren mai gari, an san wanda ya ci bashi ya zo ya amsa, an san wanda sai an aika masa sau uku. Addinin mafi yawan jama'a ma yana bayan wannan: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a surar Baƙara, tana magana ne kan rubuta bashi da kafa shaidu, kuma a jana'izarmu ana shelar duk mai bin mamaci ya zo ya faɗa. Al'ummar da ke tambayar bashi a bakin kabari ba za ta ga baƙon abu ba idan an tambaye shi a bakin ƙofar bariki.

Abin da ya rage shi ne a tsara tambayar yadda gaskiya ba za ta cuci mai faɗinta ba. A sa tambayar bashi a rubuce cikin binciken hali: nawa ne, wa ke bi, me ya jawo shi, yaya ake biya. A sanar tun a sanarwar gasa cewa bashin da aka bayyana ba ya hana aiki, wanda aka ɓoye aka gano shi ne ke hanawa. A fi mayar da hankali kan mai bin bashin fiye da yawan kuɗin, domin jika ɗari biyar na asusun rance mai rajista bai kai hatsarin jika hamsin na mai safarar makamai ko mai ba. A bambanta bashin asibiti da na abinci daga bashin caca, wadda yanzu ta shigo cikin wayar kowane matashi. Wanda aka ƙi a faɗa masa dalili, a ba shi damar kawo shaidarsa. Bayan shiga aiki kuma a buɗe wa jami'in da ya shiga matsi wata ƙofa cikin rundunarsa, inda zai faɗi damuwarsa a taimaka masa da rance mai sauƙi ko tsarin biya ba tare da an mayar da shi abin dariya ba. Idan rundunarsa ba ta saurare shi ba, akwai mai saurarensa a waje.

Ga matasan da ke haɗa dosiye yanzu da iyayensu, shawarar a taƙaice take. Ku zauna ku lissafa abin da ake binku. Ku je wurin mai bashi kafin ya zo wurinku, ku yi yarjejeniya gaban shaidu, a rubuta, ku riƙe takardar duk abin da kuka biya ko da kaɗan ne. Kada ku ci bashi domin sayen gurbi, wanda ya karɓi kuɗinku a ɓoye ya riƙe ku har ƙarshen aikinku. Idan mai bincike ya tambaya, ku faɗi abin da yake, domin a gari irin Dogondutsi ko Tibiri ramin ƙarya ƙurarre ne, abin da mutum uku suka sani kasuwa ta sani.

Rundunar mutum 100,000 za ta ƙunshi dubban masu bashi, babu makawa, domin daga cikin wannan al'umma za a ɗebo su. Abin da hukumomi ke da iko a kansa shi ne ko waɗannan dubbai za su shigo suna faɗin gaskiya ko suna ɓoye ta. A yankin da bututun mai ya ratsa, iyaka kuma take kusa, bambancin yana iya zama ran sojojin da ke cikin motar sintiri ta gobe.